Aljanu a Kan Kwalta: Labaran Al'ajabin Birni da Masu Jiran Fitowarsu

Labarin al'ajabin birni, wanda Turawa ke kira urban fantasy, reshe ne na ƙagaggun labarai da ke kwaso aljanu da matsafa da fatalwa da masu shan jini ya sauke su a birnin zamani, inda ake biyan kuɗin haya ana makara a cunkoson motoci. Wurin da abin ke faruwa shi ne ya raba shi da babban labarin al'ajabi irin na Tolkien. Tolkien ƙasa ya ƙirƙira sukutum, da taswirarta da harsunanta. Marubucin al'ajabin birni kuwa aron gari yake yi, garin da mai karatu zai iya sauka a tasharsa ya tambayi unguwar da aka ambata a nuna masa. Reshen ya yi ƙarfi ne a Amurka da Kanada da Birtaniya, kuma akasarin sanannun ayyukansa jerin littattafai ne masu bin juna. Saboda haka nazarinsa ba ya cika sai an duba yadda littattafan ke fitowa da yadda ake jiransu, domin jiran ya daɗe da shiga cikin ginin labarin kansa.

Manazarta sukan fara ƙirga tarihinsa daga shekarun 1980. Charles de Lint ya fitar da Moonheart a 1984, ya kafa labarin a birnin Ottawa. A 1987 Emma Bull ta fitar da War for the Oaks, labarin wata mawaƙiya a Minneapolis da ta tsinci kanta a tsakiyar yaƙin fadoji biyu na aljanun tatsuniyoyin Turai. Littattafan wannan zamani suna da taushi. Mawaƙa da masu zane da 'yan gararamba ne jarumansu, kuma abin da suke nema shi ne mai karatu ya ji cewa bayan kowane lungu akwai wata duniya. Neverwhere na Neil Gaiman, wanda ya fito a 1996 tare da shirin talabijin na BBC, ya bi wannan hanya da wata Landan ta ƙarƙashin ƙasa.

Wadda ta sauya wa reshen fuska ita ce Laurell K. Hamilton. A Guilty Pleasures na 1993 ta gabatar da Anita Blake, mace mai sana'ar tayar da matattu daga kabari a birnin St. Louis, a wata Amurka da doka ta amince wa masu shan jini su zauna kamar kowa. Hamilton ta ari ƙwarangwal ɗin labarin binciken laifi: ana samun gawa, a kira jaruma, ta bi sawu, ta sha duka, ta gano mai laifi. Ta kuma sa jarumar ta ba da labarin da bakinta, cikin gatse da baƙar magana. Waɗannan abubuwa biyu, bincike da muryar mai ba da labari, su ne suka zama gadon reshen. Shirin talabijin na Buffy the Vampire Slayer, daga 1997 zuwa 2003, ya tara masa masu kallo da daga baya suka zama masu saye.

Jim Butcher ya ɗauki wannan ƙwarangwal ya ba namiji. Harry Dresden, jarumin Storm Front na 2000, matsafi ne da ya sa tallarsa a littafin lambobin wayar Shikago, yana karɓar aikin neman abin da ya ɓata, kuma kullum ana bin sa bashi. Bayansa ƙofa ta buɗe: Charlaine Harris da Dead Until Dark a 2001, Kim Harrison da Dead Witch Walking a 2004 a Cincinnati, Patricia Briggs da Moon Called a 2006, inda jarumar bakanikiya ce mai gyaran Volkswagen da ke rikiɗa ta zama dilan Amurka. Sana'a a nan ba ado ba ce. Ita ce ke kawo sabuwar matsala bakin ƙofar jarumi a kowane littafi, ba sai marubuci ya wahalar da kansa wajen neman dalili ba.

A hannun ƙwararru birnin yakan zama rabin labarin. A jerin Kate Daniels na Ilona Andrews, wanda ya fara da Magic Bites a 2007, sihiri da fasaha karɓa-karɓa suke yi a Atlanta. In guguwar sihiri ta taso, fitilu su mutu, bindiga ta ƙi tashi, mota ta tsaya cak a tsakiyar titi, dogayen benaye su riƙa zaizayewa. In ta lafa, layu su zama banza. Shi ya sa mutumin kirki a garin yake ajiye mota ya kuma ajiye doki. Ben Aaronovitch ya fi kowa cin moriyar tarihin gari. A Rivers of London na 2011, wani sabon ɗan sanda mai suna Peter Grant, wanda mahaifiyarsa 'yar Saliyo ce, ya ɗauki bayanin shaida a unguwar Covent Garden, sai daga baya ya gane fatalwa ce ya yi wa tambayoyi. Kogunan da aka binne ƙarƙashin titunan Landan, irin su Fleet da Tyburn, marubucin ya mai da su mata masu iko, uwarsu kuma, mai riƙe da kogin Thames ta ɓangaren birni, 'yar Najeriya ce da ta je Ingila karatun jinya. Da wannan dabara ya faɗi magana a kan baƙi da 'yan gari ba tare da wa'azi ba. Reshen ya kuma tsallaka wasu biranen: Mosko a Night Watch na Sergei Lukyanenko a 1998, Johannesburg a Zoo City na Lauren Beukes a 2010, wanda ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2011, da Legas a David Mogo, Godhunter na Suyi Davies Okungbowa a 2019.

Ginin jerin yana da hawa biyu. A hawan ƙasa akwai matsalar da ake buɗewa a rufe cikin littafi ɗaya, don wanda ya tsinci na biyar a tashar jirgi ya karanta ya gamsu. A hawan sama akwai doguwar rigima da ke tafiya a hankali: asalin jaruma, wani maƙiyi da ba a ga fuskarsa ba, soyayyar da aka ƙi yanke wa hukunci. Hawan ƙasa ne ke sayar da littafin bana, na sama kuma shi ke sayar da na baɗi. Mai karatun Hausa ba baƙon wannan ba ne, domin littattafan kasuwar Kano ma kashi-kashi suke fitowa, a tsaya daidai inda rai ya fi ɗaguwa. Bambancin shi ne a can jiran shekara ake yi, kuma ana iya shafe shekara ashirin ana yinsa. Butcher ya nuna iyakar abin da za a iya yi da wannan gini a Changes na 2010, littafi na goma sha biyu, inda ya rushe ofishin Dresden da gidansa da motarsa, sannan ya sa aka harbe shi a shafin ƙarshe. Littafin da ya biyo baya a 2011, fatalwar jarumin ce ke ba da labari.

Kalandar fitowa tana da nata ƙa'idoji. A shekarun 2000 sabon marubuci yakan fara da ƙaramin bugu mai arha, mai bangon takarda. In jerin ya karɓu sai a ɗaga shi zuwa bugu mai bango mai tauri, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba; Dresden ya sami wannan ƙarin girma a littafi na bakwai, Dead Beat, a 2005. Daga nan ana sa ran littafi ɗaya kowace shekara, sau da yawa a wata guda. Seanan McGuire, wadda ta fara jerin October Daye a 2009, ta yi suna wajen cika wannan alkawari, har masu karatunta suka saba sa ido a watan Satumba. Wani lokaci maɗaba'a takan yi ruwan littattafai don kama kasuwa da wuri: Del Rey ta saki littattafai uku na farko na Kevin Hearne a Mayu da Yuni da Yulin 2011, wata-wata.

Watanni kafin fitowa ake fara buga ganga. A sanar da suna, a bayyana bango, a saki babin farko kyauta, sannan a roƙi masu karatu su ba da kafin alƙalami. Roƙon yana da dalili na lissafi. Duk odar da aka yi tun da wuri ana ƙirga ta cikin cinikin makon farko, cinikin makon farko ne ke shigar da littafi jadawalin mafi kasuwa irin na jaridar New York Times, maɗaba'a kuma da wannan take auna ko ta sabunta kwangila. Jerin da cinikinsa ya yi ƙasa yakan mutu a tsakiya, a bar masu karatu da tambayoyin da babu mai amsawa. Wannan ya haifar da wani kulli mai ban haushi: mai karatun da aka taɓa yasarwa yakan ce ba zai saya ba sai jerin ya kammala, ƙin sayensa kuma shi ne ke hana jerin kammaluwa. Tsakanin manyan littattafai marubuta kan jefa gajerun labarai da matsakaita don kada murhu ya huce. Aaronovitch har littattafan zane ya haɗa da su.

Bangon ma ya zama abin hira. Na wani lokaci kusan duk littafin da jarumarsa mace ce hoto ɗaya yake ɗauke da shi: mace cikin wandon fata, ta juya baya, da zane a jiki da makami a hannu. Dresden kuwa a bango kullum da malafa yake, alhali a cikin labarin ba ya sa ta, abin da ya zama barkwanci tsakanin marubucin da masoyansa. Muhimmancin murya ya fi fitowa a littattafan saurare. Tunda jarumi ne ke magana da bakinsa, wanda ya karanta littafin a faifai yakan zama shi a kunnen jama'a. James Marsters ne muryar Dresden. Da aka ba wani ɗan wasan daban karatun Ghost Story, littafin nan na fatalwar Dresden, masu saurare ba su yarda ba, har aka sake naɗar littafin da muryar Marsters a 2015.

Babu waɗanda suka mai da hulɗa da masu karatu sana'a kamar ma'auratan da ke rubutu da sunan Ilona Andrews, masu jerin Kate Daniels. Littafinsu Clean Sweep, labarin wata mai masaukin baƙi a Texas da baƙinta ba 'yan wannan duniya ba ne, sun fara sakinsa ne kyauta a intanet, babi bayan babi, masu karatu na bi suna tsokaci. Sai da ya kammala suka gyara shi suka buga da kansu a 2013, waɗanda suka riga suka karanta kyauta kuma suka saya. Wani littafinsu, Iron and Magic na 2018, asalinsa wasa ne: a wata ranar ɗaya ga Afrilu suka yi tallar ƙarya cewa za su rubuta labarin soyayya da ɗaya daga cikin mugayen jerin Kate Daniels. Masu karatu suka ƙi ɗaukar abin a wasa, suka dage, wasa ya zama littafi. A nan kusanci ya yi amfani, domin marubutan sun gane abin da ake so kafin su kashe shekara a kansa.

Amma wanda ya shekara goma yana biyan kuɗi yana bin jaruma yakan fara ganin yana da haƙƙi a kanta. Tun daga wajen littafi na goma, Narcissus in Chains na 2001, Hamilton ta karkata jerin Anita Blake daga bincike zuwa sha'anin jima'i, masu karatunta suka rabu biyu, har a 2006 ta fito fili ta shaida wa masu sukar cewa wanda bai so ya daina karantawa. Abin da ya sami Charlaine Harris ya fi muni. Jerinta ya kai littafi goma sha uku, shirin True Blood na HBO ya ninka masoyansa, kuma masoyan sun kasu gida-gida a kan wanda ya dace jaruma Sookie ta zaɓa. Kafin Dead Ever After ya fito a Mayun 2013, wani kofi ya sulale a Jamus, ƙarshen labarin ya bazu: Sookie ta zaɓi Sam, ba Eric ba. Harris ta sha zagi har da barazanar kisa daga mutanen da ba su ma karanta littafin ba. Wanda ya bi jerin da natsuwa zai ga tun farko an shuka alamun wannan zaɓi. Masu fushin labarin da suka gina a ransu suke karewa. Jinkiri ma laifi ne a wannan kasuwa. Bayan Skin Game na 2014 Butcher ya yi shekara shida bai fitar da cikakken littafin Dresden ba, da ya dawo a 2020 kuma aikin ya yi girman da aka raba shi biyu, Peace Talks a Yuli da Battle Ground a Satumba. Na farkon ya fito da alamar rabin littafi, masu sharhi da yawa kuma sun faɗi haka.

Zuwa tsakiyar shekarun 2010 manyan maɗaba'u sun rage karɓar sababbin jeri, kasuwa ta cika ta batse, manyan jerin kuma suna rufewa: na Harrison a 2014, na Kate Daniels a littafi na goma a 2018. Reshen bai mutu ba, ƙaura ya yi zuwa wajen masu buga wa kansu a Amazon. Tsarin Kindle Unlimited ya fara a 2014, daga Yulin 2015 kuma ya koma biyan marubuci gwargwadon shafukan da aka karanta. Lissafin ya sauya gaba ɗaya. Wanda ke cin abinci da shafi yana bukatar jeri mai tsawo da fitowa a kai a kai, don haka tazarar shekara ta koma ta 'yan watanni, wani lokaci makonni. Ana ganin tasirin a jikin rubutun: babi ya gajarce, kowane littafi na ƙarewa a bakin rami, birnin kuma, wanda de Lint da Aaronovitch suka ɗauki lokaci suna zagayawa, sau da yawa ya koma suna kawai a shafin farko. Tsofaffin jerin da aka rufe ma ba duka suka zauna a rufe ba. Harrison ta dawo da nata a 2020 da American Demon, ma'auratan Andrews kuma suka sake ɗauko Kate Daniels a 2023, suka tashe ta daga Atlanta zuwa Wilmington, suka buga da kansu.