Sharhi a kan Jitar Kwali ta Torres

A shekarar 1862 Antonio de Torres, masassaƙin jita na ƙasar Sifen, ya harhaɗa wata jita mai baya da gefuna na kwali, fuskarta kaɗai ce ta katako. Masana sukan kafa hujja da ita cewa daga fuska amo yake fitowa, watau siririn allon nan da sandunan da ake mannawa ƙarƙashinsa kamar mafici. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai shaida ɗaya ba ta yanke shari'a, balle fuskar da hannun gwani ya fere. Duk da haka, tun da aka tsananta dokar cinikin katakon jita na Barazil a 1992, masassaƙa suka sami dalilin waiwayar wannan jita da ke ajiye a Basalona.