3.4 Kalmar "Bangaskiya" da Batun Ceto a Littafi Mai Tsarki

A wannan sashe za a dubi yadda kalmar "bangaskiya" ta ɗauki nauyin da aka ɗora mata a fassarar Littafi Mai Tsarki, wadda ta fara fitowa cikakkiya da Hausa a shekarar 1932. Masu fassarar ba su ɗauki "imani" da aka aro daga Larabci ba. Sun zaɓi "bangaskiya", wadda asalinta "ba da gaskiya" ne, don ta tsaya a matsayin "pistis" ta Girkanci.

Muhimmancin zaɓin zai fito fili idan aka kwatanta wurare biyu. A Romawa sura ta 3 da ta 4, Bulus ya nuna cewa mutum yana samun karɓuwa wurin Allah ta hanyar bangaskiya, ba don ya cika ayyukan Shari'a ba, ya kuma kafa hujja da Ibrahim. A sura ta 2 ta wasiƙarsa kuwa, Yakubu ya ɗauki bangaskiyar da ba aiki a matsayin matacciya, shi ma da Ibrahim ya kafa hujja, wato lokacin da ya miƙa Ishaku.

Wannan saɓani ya daɗe yana jawo muhawara. A 1522 Martin Luther ya ƙara kalmar da ke nufin "kaɗai" a fassararsa ta Jamusanci ta Romawa 3:28, alhali babu ita a matanin Girkanci. A 1547 Majalisar Trent ta Katolika ta ƙi yarda da koyarwar bangaskiya kaɗai. Sai a 1999 Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sanya hannu a Augsburg kan matsaya guda: ceto alherin Allah ne, kyawawan ayyuka kuma 'ya'yansa ne.

A nan ne raunin kalmar yake. Idan Bahaushe ya ba da gaskiya ga magana, ya yarda ne cewa haka take, ko da bai jingina rayuwarsa a kanta ba. Irin wannan yarda ce Yakubu yake suka, domin a wajensa aljanu ma suna da ita. Abin da Bulus yake nufi ya fi kusa da dogara, kamar yadda mai ajiya kan miƙa dukiyarsa ga amintacce ya tafi hankalinsa kwance.

Duk da haka, wannan bincike yana ganin masu fassarar sun yi daidai da suka bar kalma ɗaya a wuraren biyu. Da sun raba ta, da sun yanke wa mai karatu hukuncin da matanin asali bai yanke ba, abin da aka zargi Luther da shi. Aikin da ya rage na mai wa'azi ne da mai sharhi: su fayyace wace bangaskiya ake nufi a kowane wuri.