Inji Wa? Tarihi da Gwamnati a Ajin Sakandare

A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin mayar da darasin tarihi makarantun firamare da ƙaramar sakandare, aka kuma ce za a horar da malamai 3,700, ɗari daga kowace jiha da Abuja. An yi murna, kuma ta cancanta. Tun da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982 nazarin zamantakewa ya danne tarihi a ƙananan azuzuwa, manhajar da hukumar NERDC ta fitar a 2007 kuma ta ƙarasa shi, aka wayi gari daga zangon 2009/2010 babu shi a matsayin darasi mai cin gashin kansa. A babbar sakandare an bar shi ganin dama, yara kuwa suka yi ta guje masa. Ƙungiyar masana tarihi ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1955, ta daɗe tana kai gwauro tana kai mari kafin ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya saurari kukanta. A 2025 an sake fasalin manhaja, aka wajabta tarihi daga aji ɗaya na firamare har ƙarshen ƙaramar sakandare.

To, ya dawo. Amma wane irin tarihi ne ya dawo, kuma ta yaya ake koyar da shi? Nan ne damuwata take, domin cutar da ta kori darasin tun farko tana nan a cikin aji, kuma ta daɗe da kama ɗan'uwansa, darasin Gwamnati.

Wanda ya zauna a ajin 'yan at na SS2 ya san yadda abin yake. Malam zai shigo da littafinsa, galibi Essential Government na Dibie, ya rubuta kan darasi a allo: tsarin mulkin Richards na 1946. A ƙarƙashi sai siffofinsa, alfanunsa, aibobinsa, kowanne da lamba. Yara su duƙa kwafa, wanda bai sami benci ba ya ɗora littafi a gwiwa. Mako mai zuwa Macpherson, 1951, na bayansa Lyttelton, 1954. Kafin a gama cika allo an kaɗa ƙararrawa. Tambayar da ta fi fitowa daga bayan aji ita ce: "Malam, wannan zai fito a WAEC?" Malam ya ce zai fito, kuma gaskiya ya faɗa. Ban ga laifinsa ba. An ba shi minti 40, aji cike maƙil, manhaja mai tsawo, shugaban makaranta kuma da sakamakon jarrabawa zai auna shi. Su ma yaran lissafinsu daidai ne da suka zaɓi Gwamnati suka bar tarihi: ya fi gajarta, ya fi sauƙin hadda, kuma wanda ya bi tambayoyin shekarun baya da kyau zai ci.

Abin da wannan tsari ya haifar shi ne an raba abu guda gida biyu. Gwamnati ya zama tarin ma'anoni da ba su da uwa ba su da uba, tarihi kuma ya zama jerin sarakuna da shekarunsu. Yaron Kano zai gaya maka Muhammadu Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarki, shi ya kafa kasuwar Kurmi, shi ya fara Tara ta Kano. Gobe a darasin Gwamnati zai haddace ma'anar rabon iko da sunan Montesquieu. Ba wanda zai nuna masa cewa majalisar mutum tara da ke kewaye da sarki, da nasihar da Shaihu Magili ya rubuta wa Rumfa kan haƙƙoƙin da ke wuyan mai mulki, amsa ce ga tambayar da Bafaranshen nan ya yi daga baya: yaya za a yi da mai iko kada ya wuce gona da iri? Yaro sai ya taso yana ganin tunanin siyasa kaya ne da jirgi ya sauke a Legas.

Ɗauki haraji da jangali. A ganina babu wani batu da ya fi wannan nuna asarar da muke yi. A littafin Kitabul Farƙ, wanda ake danganta wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, an lissafa zaluncin sarakunan Haɓe da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, kamuwa. An yi jihadi a 1804, amma kafin ƙarnin ya ƙare ana karɓar jangali a masarautun daular Sakkwato. Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, suka tarar da haraji, suka rungume shi, suka kafa baitulmalin En'e, ana raba kuɗin tsakanin En'e da gwamnatinsu. Abin da littafi ke kira mulki ta hannun sarakuna, a ƙauye ga fuskarsa: malamin haraji da rijista, mai unguwa da dagaci suna bin gida gida, dogari a bayansu, magidanci ya sayar da akuyar matarsa ko hatsin da zai ci da damina don ya karɓi rasit, Bafulatani ya kora shanu daji kafin a zo ƙirga. Tsoron a ɗora wa mata haraji ne ya tayar da matan Aba a 1929. Harajin da aka riga aka ɗora wa mata ne ya fito da matan Abeokuta ƙarƙashin jagorancin Funmilayo Ransome-Kuti har Alake Ademola ya sauka daga karaga a Janairun 1949. Haraji yana daga cikin abin da ya sa talakawa suka saurari NEPU bayan kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Sai a 1979 gwamnatocin PRP, ta Abubakar Rimi a Kano da ta Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali.

Malamin da ya bi wannan zare ya koyar da jihadi, da mulkin mallaka, da gwagwarmayar neman 'yanci, da jamhuriya ta biyu, ya kuma haɗa yaron Funtuwa da matan Aba ba tare da ya yi masa wa'azin haɗin kan ƙasa ba. Daga nan sai ya jefa tambayar da za ta tayar da aji: tunda talaka ya daina biya, ina ƙananan hukumomi 774 ke samun kuɗi? Daga kason Abuja. To hukumar da ba ta karɓa daga hannun talaka tana jin tsoronsa kuwa? Wata yarinya za ta ce sokewar rahama ce, kakanta ya ba ta labarin yadda ake shanya mutum a rana. Wani yaro zai ce ai har yau ana karɓa, a kasuwa da tasha, suna kawai aka sake. Duk su biyun suna da abin kamawa, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi zai shiga kansu fiye da duk wata ma'ana da aka kwafa a allo.

Wannan irin koyarwa tana buƙatar malam ya yarda a tambaye shi "inji wa?", ya kuma koya wa yara yin tambayar. Akwai masu ganin hakan baƙon abu ne, ko rashin ladabi ga magabata. Ina roƙonsu su duba Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya rubuta a 1812. Shehu Muhammadu Aminu Elkanemi na Borno ya aiko da wasiƙa yana tuhumar masu jihadi: da wace hujja ake yaƙar Borno alhali mutanenta Musulmi ne, saɓo kuma ba ya mayar da mutum kafiri? Bello bai ɓoye wasiƙar ba. Ya kawo ta cikin littafinsa, sannan ya mayar da martani. Ɗan Shehu Usmanu na cikinsa, wanda ya jagoranci yaƙi da kansa, ya ga ya dace masu zuwa su ji ta bakin abokin jayayyarsa. Mu kuwa mun ƙunshe jihadin cikin dalilai na addini, na siyasa, na tattalin arziki, maki biyu biyu. Mutanen da suka ƙirƙiro ilimin isnadi, waɗanda ba sa karɓar hadisi sai sun san wa ya ruwaito daga wa, bai kamata 'ya'yansu su karɓi tarihin ƙasarsu ba tare da sun tambayi mai ruwaya ba.

Ga kuma waɗanda aka kora. Zuriyar sarakunan Katsina na Haɓe suna Maraɗi, na Gobir suna Tsibiri, na Zazzau suka kafa Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja. Labarin 1804 a bakinsu daban yake da na Sakkwato. Jin nasu ba ya rage wa Shehu daraja ko kaɗan. Yana dai nuna wa yaro cewa abu ɗaya kan faru, mutane biyu masu hankali su riƙe shi ta fuska biyu, kuma aikinsa ne ya auna.

A jami'a an daɗe da yin wannan aiki. Abdullahi Smith, wanda ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Gidan Arewa a Kaduna, ya nuna tun 1970 cewa labarin Bayajida bai isa ya bayyana asalin masarautun Hausa ba, a dubi yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni a gindin duwatsu irin Dala. Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan Katsina na 1981, ya rushe sauƙaƙen rabon nan na Haɓe a gefe Fulani a gefe. Sama da shekara 40 ke nan, amma har yanzu a azuzuwa da yawa ana rubuta Hausa Bakwai da Banza Bakwai a allo kamar alƙali ya yanke hukunci, yaron Kabi ko Zamfara ko Nufe yana zaune yana kwafar sunan ƙasarsu a ƙarƙashin "banza". Ba cewa nake a daina ba da labarin Bayajida da rijiyar Kusugu ba. A ba da shi, sannan a tambayi yara: wa labarin ya ɗaukaka, wa ya ƙasƙantar, kuma me ya sa gidan sarauta zai so ya zama daga Bagadaza ya fito?

Inda malamai suka fi ɗari-ɗari shi ne 1966 da yaƙin basasa. Yaron Arewa ya zo aji da labarin gida: an kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa ranar 15 ga Janairu. Ɗan Ibo da ke benci ɗaya da shi, a Sabon Garin Kano ko a makarantar haɗaka ta tarayya, ya zo da nasa: kisan da aka yi wa danginsa a garuruwan Arewa a watan Mayu da Satumba da Oktoba na wannan shekarar, da Asaba a 1967, da yunwar da ta cinye yara kafin yaƙin ya ƙare a Janairun 1970. Duka sun faru. Malam yakan tsallake ta hanyar rubuta dalilan yaƙi da sakamakonsa, ya wuce. Na fahimci tsoronsa, domin kalma ɗaya za ta iya kai ƙara gidan iyaye ko ofishin shugaban makaranta. Sai dai shirun aji bai hana yaran jin labarin ba. Suna jin sa a Facebook da TikTok, da bakin sojojin baka a rediyo, inda kowa rabin da ya yi masa daɗi yake faɗa. Aji ne kaɗai wurin da babba mai ilimi zai iya ajiye rabi biyun a gaban yara, ya hana a zagi kowa.

Haka batun jam'iyya. Malamai ba su taɓa yin nisa da siyasar Arewa ba: Sardauna, Tafawa Ɓalewa, Aminu Kano da Shehu Shagari duk sun riƙe alli. Ba za a ce malamin Gwamnati ya zama ba shi da ra'ayi ba, kuma ɗalibansa na SS3 wasunsu sun kai 18, suna da katin zaɓe. Jamusawa sun yi wa wannan matsala ƙa'ida a taron Beutelsbach na 1976: kada malam ya danne ɗalibi da ra'ayinsa, kuma abin da ake jayayya a kansa a cikin al'umma ya shigo aji a matsayin abin jayayya. Idan yaro ya ce, "Malam, to tsige Balarabe Musa a 1981 daidai ne ko zalunci ne?", malam ya kawo abin da majalisar da NPN ta mamaye ta tuhume shi da shi, da abin da magoya bayansa suka ce, da abin da tsarin mulkin 1979 ya tanada, sannan ya ce, "Kai me ka gani, yarona, kuma da wace hujja?" Sau da yawa sai an bar yaro ya yi wannan muhawara da Hausa tukuna bakinsa yake buɗewa. Wanda ke kasa haɗa jimla biyu da Turanci, shi ne zai kwance maka siyasar mazaɓarsu a teburin mai shayi. Malamai da dama sun san haka, suna juyawa Hausa a ɓoye kamar masu laifi, alhali daidai suke yi.

Duk wannan ba zai zauna ba muddin takardar jarrabawa ba ta sauya ba, don ita ce ke jan akalar aji. Matuƙar WAEC da NECO suna ba da maki ga wanda ya jero siffofi biyar, siffofi biyar malam zai koyar, ko da malamai 3,700 sun ninka goma. A sa tambaya ko ɗaya ce a kowace takarda inda za a ba ɗalibi gajerun nassoshi biyu masu saɓani, misali wasiƙar Elkanemi da amsar Bello, ko rahoton Razdan kan haraji da ƙorafin NEPU, a ce ya faɗi wa ya rubuta kowanne, me yake nema, wanne ya fi ƙarfin hujja. Nassoshin suna nan a Gidan Arewa da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Abin da ya rage shi ne NERDC da kwalejojin horar da malamai su zaɓo su, a fassara su da Turanci mai sauƙi da Hausa, a buga su a ɗan littafin da makarantar ƙauye za ta iya saya.