Daidaiton Fuska da Yanayin Aikatau: Sharhi a kan Wata Ƙa'idar Nahawun Ingilishi da Tasirinta ga Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba wata ƙa'ida ta rubutun Ingilishi wadda ake cusa wa ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, tun daga ajin sakandare har zuwa ɗakunan lesin irin waɗanda ake samu a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni cikin birnin Kano. Ƙa'idar ta hana marubuci sauya fuskar aikatau ko yanayinsa a tsakiyar jimla. Da "fuska" muna nufin ko mai aiki ne aka sa a gaba ko kuwa abin da aikin ya faɗa wa. Da "yanayi" kuma muna nufin ko jimlar labari take bayarwa, ko umarni, ko fata. A ganinmu manufar ƙa'idar mai kyau ce, amma yadda ake haddace ta a kuma ɗora wa Hausa ya sa ana gyara abin da ba kuskure ba, ana barin kuskuren na gaske.

2.0 Ƙa'idar a Gidanta

Dubi waɗannan jimloli:

(1) Boil the water first, and then the powder should be added.
(2) Boil the water first, and then add the powder.

A (1) an fara da umarni ga mai karatu, sannan aka juya aka sa garin magani a gaba, aka ɓatar da mai zubawa. Mai karatu na iya tambaya: ni zan zuba, ko wani? A (2) babu wannan shakka. Amfanin ƙa'idar ke nan.

Sai dai akan haɗa ta da wata shawara, wai a guji jimlar da ta gabatar da karɓau baki ɗaya. Wannan shawara ta yaɗu ne ta littafin William Strunk na 1918, wanda E. B. White ya sabunta a 1959 da sunan The Elements of Style, da kuma wata maƙala ta George Orwell ta 1946. Masana nahawun Ingilishi kansu ba su bar ta haka ba. A 2009 Geoffrey Pullum ya nuna cewa uku daga cikin misalai huɗu da littafin ya jera don gyara ba ma jimlolin karɓau ba ne. To, in haka abin yake a gidansa, ina dalilin ɗaukar sa ido rufe a kawo wa Hausa?

3.0 Fuskar Aikatau a Hausa

Hausa ba ta da ginin da ya yi daidai da na Ingilishi, inda ake sa karɓau a gaba a kuma rataya mai aiki a ƙarshe da kalmar by. Hanyoyinta uku ne. Ta farko ita ce lamirin da ba ya nuna kowa, wato an, aka, ana, za a, a. Ta biyu ita ce aikatau mai ƙarewa da wasalin -u, wanda F. W. Parsons ya sa a giredi na 7 cikin rabe-rabensa na 1960. Ta uku ita ce a ciro karɓau a ajiye shi a goshin jimla, a bar mai aiki a mazauninsa:

(3) An gyara famfon.
(4) Famfon ya gyaru.
(5) Famfon nan, Audu ne ya gyara shi.

A (3) da (4) babu gurbin ambaton mai aiki. Almajirin da ya karanta Ajuruma a zaure ba zai yi mamakin haka ba, domin a can ma akwai babin karɓau wanda ba a ambaci mai aikinsa ba. Amma ɗalibin da ya ƙoshi da nahawun Ingilishi, in aka ba shi fassara, sai ya nemi inda zai ajiye by, ya rubuta:

(6) An gina makarantar ta hannun Alhaji.

Wannan Hausa ce, amma ma'anarta ta kauce. "Ta hannun" ɗan aike yake nunawa, kamar a ce an aika kuɗi ta hannun direba. Jimla ta (6) ta mai da Alhaji wakilin wani, alhali shi ne mai ginin. Daidai shi ne a ce, "Alhaji ne ya gina makarantar."

Bugu da ƙari, lamirin a yana ɗauke da ladabi. Wanda ya ce wa dattijo "a shigo" ko "a yi haƙuri" ba ɓoye mai aiki ya yi ba, girmamawa ya yi. Malamin da ya ja wa wannan jan biro ya soke tarbiyya da sunan nahawu.

4.0 Yanayin Aikatau a Hausa

Nan ma akwai sauyin da nahawun Hausa ne da kansa ya wajabta shi:

(7) Tashi ka ɗauki buta ka yi alwala.
(8) Zai zo ya gaishe ka ya koma.

A (7) aikatau na farko ne kaɗai ke cikin siffar umarni tsantsa, sauran sun biyo da ka. A (8) za sau ɗaya ya fito. Paul Newman, a babban nahawunsa na 2000, ya ma ware siffar da ke bin lokaci mai zuwa daga umartau, ya ɗauke ta a matsayin wadda ke aron lokacinta daga abin da ya gabace ta. Duk wanda ya "daidaita" (8) ya ce zai zo, zai gaishe ka, zai koma, ya yanka aiki ɗaya gida uku. Haka kuma mai ba da labari yakan buɗe da an, ya ci gaba da aka, ba wanda zai ce ya yi tuntuɓe.

5.0 Inda Kuskuren Yake

Rashin daidaiton da ke cutar da mai karatun Hausa yana wajen wanda ake yi wa magana da wanda ya yi aiki. Mai bin titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi, ko mai shiga kasuwar Tarauni, zai ga sanarwa iri-iri a bango da ƙofofin shaguna. Ga misalai biyu da muka ƙera bisa salonsu:

(9) A sha ƙwaya biyu da safe. Ku guji shayi. In ka ji jiri ka dawo.
(10) Kwamiti ya tara kuɗin, an ba da aikin, amma kwalbatin bai gyaru ba.

A (9) yanayin bai sauya ba, don haka ƙa'idar Ingilishi ba za ta kama shi ba, amma an tashi daga a zuwa ku zuwa ka, har mace mai jinya ta rasa ko da ita ake. Ta (10) ta fi haɗari. An fara da mai aiki sananne a wajen karɓar kuɗi, aka ɓoye shi a wajen ba da kwangila, sannan giredi na 7 ya ɗora laifin a kan kwalbatin kansa. Kowane yanki daidai yake a nahawu, amma mutanen unguwa ba su san wanda za su tuhuma ba.

6.0 Kammalawa

Shawararmu ga malamai ita ce a koyar da dalilin ƙa'idar kafin lafazinta. A aji na Ingilishi a nuna wa ɗalibi lokacin da gabatar da karɓau ya dace, wato in ba a san mai aiki ba ko ba shi ne abin magana ba. A aji na Hausa kuwa a auna rubutu da tambayoyi biyu: wa ake yi wa magana, kuma wa ya yi aikin? In amsar ta sauya a tsakiyar zance ba da dalili ba, a gyara. In ba ta sauya ba, a ƙyale Hausa ta bi tsarinta. Ya kamata kuma ɗalibanmu masu neman babban digiri su tattara sanarwar bango da rahotannin ƙungiyoyin unguwa, su ƙididdige wuraren da lamirin an yake maye gurbin suna, domin a san ko ladabi ne ya fi kawo shi ko gudun alhaki.