Hoton Makaɗan Jaz a Harlem

A shekarar 1958 wani mai ɗaukan hoto, Art Kane, ya tara makaɗan jaz 57 a ƙofar wani gida a Harlem, unguwar baƙaƙen fata a birnin New York. Abin yabo ga hoton nan shi ne an ɗauke shi da hantsi, a bakin titi, inda kiɗan ya zauna. Ga Count Basie zaune cikin yaran unguwa kamar kawunsu. Watau hoton ya shaida kiɗan nan yana da gida da dangi. Amma fa mata uku kaɗai ke ciki, kuma babu Louis Armstrong. Saboda haka kada mai dubawa ya zaci ya ga zuriyar duka.