Asalin "OK": Rahar 'Yan Jarida da Ta Karaɗe Duniya

A ranar 23 ga Maris, 1839, jaridar Boston Morning Post ta Amurka ta buga haruffa biyu, o.k., cikin wani rubutu na zolaya. A lokacin samarin Boston masu ilimi na wani yayi: su ɓata rubutun magana da gangan, sannan su taƙaita ta. Maganar "all correct", wato komai daidai, sai suka mayar da ita "oll korrect", suka tsinci harafin farko na kowace kalma. Irinta suna da yawa, kamar O.W. da K.Y., amma duk sun bi ruwa.

Siyasa ce ta ceci wannan. A zaɓen 1840 Shugaba Martin Van Buren na neman tazarce, ana yi masa laƙabi da Old Kinderhook saboda garin haihuwarsa a jihar New York. Magoya bayansa suka kafa ƙungiyar O.K. Club, 'yan adawa kuma suka riƙa juya haruffan suna yi masa ba'a. Van Buren ya sha kaye a hannun William Henry Harrison, amma kalmar ta riga ta zauna a bakin jama'a. Daga baya ma'aikatan tangaraho suka riƙe ta don nuna cewa saƙo ya iso lafiya.

Allen Walker Read na Jami'ar Columbia ne ya tono wannan tarihi daga tsofaffin jaridu, ya wallafa a 1963 da 1964. Kafin nan Shugaba Woodrow Wilson kan rubuta ta "okeh", bisa imanin cewa daga harshen Choctaw ta fito. Wasu kuma na danganta ta da harshen Wolof, ta bakin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. Wannan ra'ayi yana faranta mana rai, amma hujjar da ke rubuce tana wajen Read, kuma ita ya kamata a bi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ma'anarta ta sassauta. Kalmar da aka haifa da nufin komai ya yi daidai, yau sau da yawa tana nufin ba yabo ba fallasa. Baƙo ya ci abinci, uwargida ta tambaye shi yaya ya ji, ya ce "OK" ne: ranta ba zai yi daɗi ba. A saƙon waya kuwa, matasan Turawa sun yanke ta zuwa "k" kaɗai, wanda aka aika wa yakan fahimci cewa an yi fushi. Kamar "to" ɗinmu take, murya ce ke bambanta yarda da haƙuri da gargaɗi. Wannan sauƙin juyawa, da gajartarta, su suka kai ta kan allon kowace kwamfuta.

Mu ma muna cewa "oke" a kasuwa da tsakanin abokai. Sai dai a gidan da ake kula da tarbiyya, yaron da mahaifinsa ya aika "to, Baba" yake cewa, kuma a ganina haka ya dace a ci gaba.