Wa Ke Rufa wa Mutum Asiri? Sharhi a kan Littafin Shoshana Zuboff

Littafin da za a duba a wannan takarda sunansa The Age of Surveillance Capitalism, watau zamanin jari-hujjar sa ido. Shoshana Zuboff ce ta wallafa shi, malama wadda ta daɗe tana koyarwa a makarantar nazarin kasuwanci ta Jami'ar Harvard a ƙasar Amurka, aka kuwa buga shi da Turanci a shekarar 2019. Littafi ne mai kauri, shafinsa ya kusa 700. Tun fitowarsa ya zama madogara ga masu shakkar alherin manyan kamfanonin intanet, saboda haka ya kamata malamai su auna shi, kada a haɗiye shi ba a tauna ba.

Abin da littafin ya ƙunsa

Marubuciyar ta ɗauko labarin ne daga kamfanin Google, wanda aka kafa a 1998. Duk wanda ya nemi wani abu a shafinsa yakan bar sawu: kalmomin da ya rubuta, da kuskuren da ya yi wajen rubuta su, da lokacin da ya yi neman, da garin da yake. Da fari kamfanin yana amfani da wannan sawu ne don ya kyautata aikinsa. Amma da kasuwar kamfanonin intanet ta faɗi a shekarar 2000, masu zuba jari suka matsa suna neman riba, sai aka gane cewa sawun nan yana iya nuna wace talla mutum zai kula. Wannan ragowar bayani ita ce marubuciyar ta kira rarar ɗabi'a. Daga nan masu talla suka zama abokan ciniki na ainihi, jama'a kuwa suka zama gonar da ake girbi a cikinta. Facebook ya bi wannan hanya, sa'an nan wasu suka biyo baya.

Ta kuma nuna yadda kamfanonin ke cin iyaka. Sukan kutsa ba izini, su yi ta jan magana har jama'a su saba, in hukuma ta matsa su yi ɗan gyara, kāna su koma ga abin nan ta wata ƙofa. Misalinta mafi ƙarfi shi ne motocin Google masu ɗaukar hoton tituna. A 2010 kamfanin ya amsa cewa motocin sun riƙa kwasar bayanan da ke yawo a intanet na gidajen mutane marasa makulli. Da hukumar sadarwa ta Amurka ta gama bincike a 2012, tarar da ta ci kamfanin dala 25,000 ce kurum, ita ma saboda jan ƙafa wajen binciken.

Inda littafin ya yi daidai

Babban amfanin littafin shi ne ya rushe hujjar nan ta cewa ai mutum da kansa ya danna "Na yarda". A 2008 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Carnegie Mellon sun ƙiyasta cewa in Ba'amurke zai karanta ƙa'idojin sirri na duk shafukan da yake shiga, zai ɓata sama da awa 200 a shekara. Kamfanonin sun san ba mai karantawa. To, yarda a bakin mai magana aiki ce da ake yi bayan an san abin da ake ciniki a kai, shi ya sa malaman fiƙihu suka hana cinikin abin da ba a san shi ba. Wanda aka miƙa wa takardar da ba zai iya karantawa ba, aka ce ko ya sa hannu ko ya rasa hanyar magana da danginsa, an karɓi kalmar yarda daga gare shi, amma ma'anarta ba ta biyo ta ba. A wannan fanni marubuciyar ta yi aiki mai kyau, hujjojinta kuma suna da wuyar turewa.

Aibi na farko

Marubuciyar ta tafi a kan cewa kamfanonin sun wuce hasashen abin da mutum zai yi, har sun kai ga juya shi yadda suke so. Ta kafa hujja da gwajin da Facebook ya yi a watan Janairu 2012, inda aka rage wa mutum 689,003 labaran daɗi ko na baƙin ciki har mako guda, don a ga ko zai taɓa abin da suke rubutawa. Lalle yin haka ba da saninsu ba laifi ne. Amma canjin da aka samu ƙanƙane ne ƙwarai, su kansu masu gwajin sun faɗi haka da aka buga sakamakon a 2014.

Haka kuma batun Cambridge Analytica, kamfanin da ya yi kurin sanin zuciyar masu zaɓe. Ted Cruz ya ɗauke shi aiki a zaɓen fid da gwani na 2016 a Amurka, ya kuwa sha kaye. A 2018 jaridar Observer ta Ingila ta ba da labarin cewa wani attajiri ya biya kamfanin don ya yi wa Goodluck Jonathan aiki a zaɓen Nijeriya na 2015, kowa kuwa ya san Muhammadu Buhari ne ya ci. Hukumar kare bayanai ta Ingila, da ta rufe bincikenta a 2020, ta ce dabarun kamfanin galibi sanannu ne, ana samunsu a kasuwa. Cory Doctorow ya yi wannan suka a 2020, ya ce marubuciyar ta gaskata tallar da masu sayar da talla ke yi wa kansu. Boka yakan so a ce aljanunsa suna da ƙarfi, ko da mai faɗin zaginsa yake yi.

Illar wannan kuskure ita ce tana ɗauke ido daga ɓarnar da aka tabbatar. Facebook ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014, har ya zama wanda ya guji ɗaya yakan faɗa hannun ɗaya. Marubuciyar ta yaba wa Apple a farkon littafin a kan cewa ya nuna wata hanyar kasuwanci mai kula da mai saye, Evgeny Morozov kuwa ya soke ta a kan haka tun 2019. Daga baya shari'a ta bayyana cewa a 2022 kaɗai Google ya biya Apple dala biliyan 20 don ya zama shi ne shafin nema a na'urorinsa, a watan Agusta 2024 kuma alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya kankane kasuwa ba bisa doka ba.

Aibi na biyu

Wannan shi ya fi shafar masu nazarin harshe. Abin da littafin ke neman ceto shi ne mutum shi kaɗai, da ikonsa na ƙudurta abin da zai yi gobe, da mafakar da zai shiga ba mai leƙa shi. Marubuciyar har ta ari kalma daga nahawu, ta kira na farkon haƙƙin lokaci mai zuwa. Wannan tunani tsoho ne a Amurka, gama tun 1890 lauyoyi biyu, Warren da Brandeis, suka bayyana sirri da cewa haƙƙin mutum ne a ƙyale shi. Kalmar Turancin ma tushenta Latin ne, ma'anarta abin da aka keɓe.

To, a duba yadda aka kwashi bayanan da Cambridge Analytica ya samu. Mutum kimanin 270,000 ne suka amsa tambayoyin wata manhaja da Aleksandr Kogan ya shirya, amma Facebook ya ce abin ya iya shafar mutum miliyan 87, domin manhajar ta bi ta kan kowane mai amsawa ta kwashi bayanan abokansa. A 2018 'yan sandan Kalifoniya sun kama wani mai kisan kai da aka daɗe ana nema, ta hanyar bayanan ƙwayoyin halitta da danginsa na nesa suka sa a wani shafin neman asali. Kamun alheri ne, amma ya nuna cewa wanda ya ba da bayanin jininsa ya ba da na zuriyarsa. Haka wanda ya bar manhaja ta karanta lambobin da ke cikin wayarsa ya miƙa sunayen mutanen da ba a tambaye su ba.

Hausa tana da abin faɗi a nan. Kalmomin sirri da asiri duk daga Larabci aka aro su, amma ba su zauna wuri ɗaya ba. Sirri shi ne abin da mutum ya ɓoye. Asiri kuwa, in an lura da aikatau da yake tafiya da su, kusan kullum yana hannun wani: ana cewa "ka rufa mini asiri", "ya tona masa asiri", "Allah Ya rufa mana asiri". A duk jimlolin nan mai aikin daban, mai asirin daban, ƙaramar kalmar nan "mini" ko "masa" ita ke haɗa su. Watau a ginin harshen, rufin asiri aiki ne da maƙwabci ke yi wa maƙwabci, wanda ya san halin da gidanka ke ciki ya kame bakinsa. Abin da aka ba shi kuwa amana ce, in ya fitar an ce ya ci ta.

Ba a ce marubuciyar ta jahilci wannan ba, gama ta yi kira ga jama'a su haɗa kai, ta kuma nemi a yi dokoki. Sai dai harsashin littafin yana kan mutum guda, kuma dokokin da ke akwai sun ba yardar mutum guda babban matsayi, daga dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Mayu 2018 har dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023. Yardar mutum guda kuwa ba ta isa ta halatta abin da yake na mutane da yawa ba.

Salon littafin

Marubuciyar tana da son ƙirƙirar kalmomi, har tana da wata da ta gina a kan Babban Yaya na littafin George Orwell na 1949. Wasu sun zauna, kamar rarar ɗabi'a, wasu kuwa nauyi kawai suka ƙara. Maimaici ya yi yawa, kashi na uku na littafin ya fi kama da wa'azi bisa ga bincike. Mai ƙarancin lokaci ya karanta kashi na farko da natsuwa, ya bi sauran da sauri.

Abin da ya rage ga malamai

Littafin ya cancanci a ajiye shi a ɗakin karatu na kowace kwalejin horon malamai, a karanta shi tare da sukar Morozov da ta Doctorow. Amma akwai aikin da ya rataya a wuyan masu Hausa. Ana ta fassara ƙa'idojin kamfanoni da dokokin hukuma, mai fassara kuwa yakan ɗauki kalmar sirri ya wuce. In ya tsaya a nan, ɗalibi zai ɗauka cewa abin ya shafi mai abin ɓoyewa ne kaɗai, ya ce shi ba ruwansa. In kuwa aka shigo da amana da rufin asiri inda suka dace, zai gane cewa lambar uwarsa da hoton ƙanwarsa da ke cikin wayarsa ajiya ce aka ba shi, ya kuma yi tunani kafin ya danna "Na yarda" a madadinsu.